Jirgin Ruwa a Bayan Gida, a Garin da Ba Kogi

Tun bayan Ƙaramar Sallah akwai wani jirgin ruwa a ajiye a filin bayan wani gida a Bantama, an ɗora shi a kan bulo da tsofaffin tayoyi, kusa da igiyar shanya. A kan motar doya aka kawo shi daga Yeji. Na katako ne, tsawonsa ya kai ƙafa 25, fentinsa ya koɗe, gindinsa ya yi baƙi. Injinsa kuwa, Yamaha mai ƙarfin doki 40, an naɗe shi da buhu an jingine a bakin ɗaki. Mai jirgin saurayi ne da ya yi shekara bakwai yana koyon gyaran mota a Magazin ta Suame. Gado ya ci daga mahaifinsa, wanda ya rayu yana ɗaukar 'yan kasuwa da kwandunan busasshen kifi a tafkin Volta, ya rasu ya bar jirgin a bakin ruwa yana ruɓewa. Saurayin ya ce zai tashe shi da hannunsa, kullum in ya taso daga aiki, ya mai da shi Yeji ya ci gaba da ɗaukar mutane.

Yaran unguwa sun raɗa masa suna jirgin Annabi Nuhu. Kawun saurayin, a gabanmu, ya ce masa: "Kai ɗana, ina ka ga ruwa a Kumasi? Sayar da injin nan ka sayi pragya ka riƙa ɗaukar fasinja zuwa Kejetia, katakon kuma a ba masu tuwo su hura wuta." Ya sunkuyar da kai ya ce: "Kawu, ku yi haƙuri, ku ba ni shekara guda." Tun daga ranar majalisarmu ta rabu biyu, masu dariya da masu yabo. Mu dai muna ganin kowane ɓangare ya kuskure wurin da maganar take.

Masu dariya suna da hujja guda, ita ce Kumasi ba ta da kogi. Subin da Aboabo, waɗanda kakanni suka sani da ruwa mai gudu, yau kwatami ne da leda. Amma wanda ya ce ɗan zango ba shi da alaƙa da ruwa ya manta hanyar da ta kawo shi nan. Tsohuwar hanyar goro, wadda ta tashi daga Kumasi ta bi ta Mampong da Ejura da Atebubu zuwa Salaga, a Yeji take tsallake Volta, kuma har gobe a nan ake shiga jirgin fito zuwa Makango. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, bayan yaƙin Salaga na 1892 a Kete-Krachi ya zauna, a bakin wannan kogi, har ya rasu a 1934. Da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya taso ya cinye tsohuwar Kete-Krachi, aka tashi mutane wajen 80,000 daga garuruwansu. Kogin da ake tsallakewa da gora ya zama tafki mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,500. Daga nan inji ya zama dole. Busasshen kifin da muke sa wa a miya a Aboabo da Asawase, da yawansa a irin wannan jirgi ya fara tafiyarsa.

Kuma abin mamaki ne a ce a Kumasi ake yi wa mai gyara dariya. Garin da ke da Magazin, inda dubban makanikai da maƙera da masu walda suke tayar da motocin da Turai ta yi wa sallama tun shekaru ashirin da suka wuce! Wurin ya samo sunansa daga ma'ajiyar makamai ta sojojin mulkin mallaka, amma yau ko daga Burkina Faso da Mali ana kawo masa manyan motoci. Yaron da ya zaɓi ya kwana yana kwance kafireta, maimakon ya kwana yana cacar ƙwallo a waya, ba abin dariya ba ne. Mun ga sa'o'insa nawa suka sayar da abin da iyaye suka bari tun kafin a yi sadakar arba'in?

To, a nan muka rabu da masu yabo. Su cewa suke yi, ai ɗan Magazin ne, abin da ya gagare shi bai zo duniya ba. Wannan yabon shi ne abin da ya fi ba mu tsoro a cikin al'amarin duka.

Hikimar Magazin hikimar lallaɓawa ce. A ɗaure da waya, a liƙe da gam, a yanko roba daga tsohuwar taya, a ce wa direba ya je ya dawo a duba. Kuma tana aiki, domin motar da ta mutu a hanyar Mampong gefe take gangarawa, fasinjoji su sauka su yi tsaki, su sayi ruwan leda, su jira wata. Jirgin da ya mutu a tsakiyar Volta ba shi da gefen hanya. Iska ce za ta juya shi ta ba igiyar ruwa haƙarƙarinsa, kuma yawancin matan da ke ciki, da goyo a baya, ba su iya iyo ba.

Injin ma, wanda shi ne ɓangaren da saurayin ya fi sani, ba halinsu ɗaya da na mota ba. Irin wannan inji ba shi da kaskon baƙin mai. A cikin fetur ake zuba masa man, shi ya sa gwamnatin Gana take sayar wa masunta fetur da aka riga aka gauraya. In man ya yi kaɗan fistin ya kama, in ya yi yawa fulogi ya toshe. Ba shi da lagireto kuma. Ruwan tafkin yake zuƙa ya sanyaya kansa, ta hanyar wata 'yar robar famfo mai fukafukai da ke can ƙasa kusa da farfela. Robar nan in ta daɗe a ajiye takan bushe ta tsage, in kuma aka tayar da injin a kan tudu ba ruwa, nan take take ƙonewa. Saboda haka a cikin duro cike da ruwa ake gwada shi, a zuba ido a ga ko yana fitar da ɗan siririn ruwan nan ta baya, wanda masu jirgi ke kira fitsarin inji. Man giyar da ke ƙasa kuwa, in aka tsiyaye shi aka ga ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga ke nan, robobin da ke tare shi sun mutu. Duk waɗannan abubuwa ne da ake sayen sababbi, ba a lallaɓa su. Mun yarda saurayin zai iya, kuma mun ga duron a bayan gidan, wanda ya nuna ya tambaya an gaya masa.

Katakon ne matsalar. Makaniki ya san ƙarfe, ya san ƙararsa, ya san warinsa in ya yi zafi. Katako kuwa yakan ruɓe daga ciki ya bar fuskarsa lafiya lau. Sai an bi shi taku-taku da guduma ana ƙwanƙwasawa, ana soka tsinken ƙarfe, kafin a gane inda ya zama burodi. Ƙusa takan yi tsatsa a cikinsa ta rabu biyu, kanta kuma yana nan a waje kamar ba abin da ya faru. Wurin da ya fi haɗari shi ne allon baya, inda ake rataya injin, domin shi ke ɗaukar nauyinsa da girgizarsa da dukan turin da yake yi. Ga kuma wani abu da zaman Bantama yake ƙarawa: jirgin katako a ruwa yake kumbura ya matse kansa. In ya yi wata da watanni a kan tudu, musamman hunturu ya bi ta kansa, sai allunan su tsotse, tsakaninsu ya buɗe. Wanda bai sani ba zai cika ramukan da tsumma da kwalta ya danna sosai, ranar da aka sa jirgin a ruwa katako ya kumbura ya rasa wurin zuwa, ya bankare ko ya tsinke ƙusa. Sanin iyakar abin da za a cusa ilimi ne na kafintocin bakin ruwa, ba a koyonsa a Suame, kuma bidiyon intanet ba ya sa wa mutum shi a hannu. Fenti kuwa ba ya gyara komai. Sabon fenti a kan ruɓaɓɓen allo yaudarar fasinja ce kawai, ko da mai jirgin bai yi nufin haka ba.

Sannan a tuna wane irin ruwa ne zai koma. Da aka cika tafkin Volta ba a sare dazuzzukan da ke wurin ba, itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa shekara sittin, kuma kututtukansu ne suka fasa jirage da yawa. A watan Afrilun 2006 jirgin da ya kwaso mutanen da aka kora daga dajin Digya ya kife da su, rayuka suka salwanta. 'Yan'uwanmu na Najeriya ba sa bukatar a ba su labari: Wara ta jihar Kebbi a Mayun 2021, Bagwai ta jihar Kano a ƙarshen Nuwambar wannan shekara, inda akasarin mamatan ɗaliban Islamiyya ne, da Patigi ta jihar Kwara a Yunin 2023, inda sama da mutum ɗari suka rasu suna dawowa daga biki. Kowane lokaci mukan ce ƙaddara ce, kuma ƙaddara gaskiya ce. Amma kowane lokaci kuma sai a ji lodi ya wuce kima, ko jirgi ya tsufa, ko ba rigar ruwa ko ɗaya a ciki. Wani ne ya dubi allon nan ya ce zai kai mu yau.

Wasu abokansa sun ba shi shawara ya kai jirgin Bosomtwe ya gwada, tunda tafiyar kilomita 30 ce kawai daga gari. Ba mu goyi bayan wannan ba. Tafkin yana da alfarma a wurin Asantawa, masuntansa har yau a kan gungumen itacen da suke kira padua suke kamun kifi, kuma ko da yake ana ganin jiragen inji masu yawo da baƙi a Abono, baƙo ba ya jefa nasa ba tare da izinin masu ƙasa ba. Mu da muka yi fiye da ƙarni muna zaman amana da su ya kamata mu fi kowa sanin haka. Ban da wannan, ruwan Bosomtwe ba shi da mafita, man da tsohon inji ya zubar a ciki nan zai zauna. Kuma jirgin da ya yi lafiya a wannan kwano bai gaya maka yadda zai yi da iskar yamma a Yeji ba.

Abin da muke roƙon kawu shi ne ya bar maganar pragya, ya sa wa ɗansa sharaɗi maimakon haka. Inji nasa ne, ya gyara a Bantama yadda ya ga dama. Amma kada a buga ƙusa ɗaya a jikin jirgin sai an ɗauko kafintan jirgi daga Yeji, an biya masa kuɗin mota da na aikinsa, ya duba allo bayan allo. Abin da ya ce a cire a cire, ko da kuwa rabin jirgin ne, ko da shi ne allon da mahaifin ya rubuta sunansa a kai. In ya ce duka ya mutu, sai a haƙura a ba masu tuwo, a ɗora injin a kan sabon jirgi. Kuma kuɗin rigunan ruwa ya shiga lissafi tun yanzu, kafin kuɗin fenti.

Mun faɗa wa saurayin wannan ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Bai ji daɗin maganar allon mai suna ba, ya yi shiru ya daɗe. Daga baya ya ce akwai wani dattijo a Yeji da ya taɓa yi wa mahaifinsa aiki, zai nemi lambarsa a wurin masu motar kifi ranar kasuwa.