Balbela Fara Ce, Kashinta Fa?

Jama'a, duk mai bin hanyar Boɗinga zuwa Shagari ya san balbela, fara tas, tana biye da garken shanu. Nan damuwata take. Hanjin shanu ne babban gidan wata ƙwayar E. coli mai fitar da gubar Shiga, wadda ke sa gudawa da jini, wani lokaci ta lalata ƙodar yaro. Tsuntsun da ya yi kiwo cikin kashin shanu yana iya ɗaukarta lafiyarsa ƙalau, ya sauka bakin rijiya ko kan shanyar tumatir, ya bar mana ita. Harbin tsuntsaye ba zai raba mu da ita ba. A rufe rijiya da randa, a lulluɓe shanya da raga, madarar yara kuma a tafasa.