Sa'a a Cikin Labarin Ƙage

'Yan'uwa, akwai wata cuta da ta kama yawancinmu masu sha'awar rubuta labari. Da mun ga mun jefa jaruminmu cikin ramin da ba mu san hanyar fid da shi ba, sai mu sauko masa da sa'a daga sama. Yaro ya ɓace shekara 20, ya faɗa wani gari, mutumin da ya fara roƙo ruwa sai ya zama ubansa. In an yi mana magana, mu ce ai ƙaddara ce. Gaskiya ne, babu abin da ya gagari Allah. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa Allah yakan yi abu da sababi, mai karatu kuwa sababin nan yake nema. In bai gan shi ba sai ya rufe littafi, ya ce an raina masa hankali.

Mu duba aikin magabata. A 1933 Rupert East na Ofishin Fassara a Zariya ya sa gasar rubuta labaran Hausa, aka buga waɗanda suka ci a 1934. Cikinsu akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina. Umar, wanda aka raba shi da uwarsa tun yana ƙarami, ya girma a Masar, kana ya sadu da ita a Tarabulus tana baiwa. Wannan lalle sa'a ce babba. To, me ya sa ba mu ƙi ta ba? Domin marubucin ya share mata hanya. Uwar ba zaune take a gida ba, fita ta yi neman ɗanta, aka yaudare ta, aka sayar. Hanyar da aka bi da ita kuwa, ta Murzuk, tana cikin hanyoyin ayarin Larabawa tsakanin Kano da bakin bahar, watau da yawa daga waɗanda fataucin bayi ya kwasa zuwa arewa can suke malala, kamar ruwa a kwari. Sa'an nan kuma sa'ar ba kyauta ta zo ba: sun sadu ke nan, ba da daɗewa ba uwar ta rasu. Wa zai ce marubuci ya yi wa jaruminsa alfarma?

Ruwan Bagaja na Abubakar Imam dabam ne. Alhaji Imam ba ya rabuwa da cin karo da Malam Zurƙe gari bayan gari, ba mu kuwa damu ba, gama tun farko an nuna mana wasa ake yi, dariya muka zo sha. Kowane labari da irin alkawarin da ya ɗauka wa mai karatu.

Yanzu mu komo gida. In muna so 'yan'uwa biyu da suka rabu su sadu a ƙasar Ringim, ƙaƙa za mu yi? Kada mu haɗa su a tsakiyar daji. Ga tashar jirgin ƙasa a kan hanyar Kano zuwa Nguru, wadda aka gama a 1930. A zamanin cinikin gyaɗa, da kaka ta yi, manoma da 'yan dako da masu awo daga ƙauyuka duk nan suke taruwa. Mu mai da ɗaya manomi, ɗaya ɗan dako, tun a babi na fari, mu kuma ambaci tabon da ke goshin ƙaramin tun kafin a bukace shi. Ran da suka sadu a bakin sikeli, mai karatu ba zai ce ƙarya ba, sai dai ya ce ashe!

Abu ɗaya kuma mun lura da shi, ko da yake ba mu yaba wa halin ɗan Adam a kansa ba: mutane sun fi saurin gaskata tsautsayi bisa sa'a. In ɓarawo ya yi kiciɓis da mai kaya a kasuwa, ba mai musu. Amma in alƙali na shirin yanke wa marar laifi hukunci, sai ga shaida ya faɗo daga inda ba a taɓa ambatarsa ba, nan ne za mu ga ana taɓe baki. Shaidan nan, in dole ne ya zo, to, mu bari a gan shi tun da wuri yana ɗaura wa jakinsa mangala, a san abin da ya tsai da shi a hanya.