Kantin Zamani Da Mai Shagon Unguwa: Wa Ya San Tukunyarmu?

A watan Maris na shekarar 2014, lokacin da aka buɗe katafaren rukunin kantunan nan na Ado Bayero a kan titin Gidan Zu a birnin Kano, ina cikin waɗanda suka yi wa masu shagunan unguwarmu ta'aziyya tun suna raye. Na tuna na tsaya a gaban shagon wani dattijo da muke sayen sukari da ganyen shayi a wurinsa, na ce masa, "Baba, ga Shoprite ta iso, sai ku fara tunanin wata sana'ar." Bai ko ɗaga kai daga awon shinkafar da yake yi ba, ya ce, "To Malam, su ma suna ba da bashi?" Na yi dariya na wuce, ina ganin tsoho bai fahimci inda duniya ta dosa ba. Shekara goma ba ta cika ba, a watan Janairun 2024, Shoprite ta rufe reshenta na Kano. Dattijon nan kuwa har gobe yana bakin lungu da kwanon awonsa da littafinsa na bashi. Ashe ni ne ban fahimta ba.

Ba murna nake yi da rufewar ba, domin matasa da dama sun rasa abin yi, kuma garin da ake yi wa kirari da cibiyar kasuwanci bai kamata ya yi farin ciki da tafiyar mai jari ba. Kamfanin, wanda asalinsa na Afirka ta Kudu ne, ya shigo Nijeriya ta Legas a shekarar 2005, kuma a 2021 masu shi na asali suka sayar wa 'yan kasuwar Nijeriya hannun jarinsu. Da ya tashi barin Kano, dalilin da ya bayar shi ne matsin tattalin arziki. Wannan gaskiya ne. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, aka kuma saki naira ta nema wa kanta daraja a gaban dala. Kantin da ke kunna na'urorin sanyaya ɗaki da firji dare da rana da dizal dole ya ji a jikinsa. Amma iskar da ta kaɗa babban kanti ita ce ta kaɗa mai shago. Me ya sa ɗaya ya tafi, ɗaya ya zauna?

Ni ɗalibin harshe ne, don haka a cikin kalmomi nake fara neman amsa. Kalmar "kasuwa" kanta baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama 'yar gida, masana sun ce ta hannun Barebari ta shigo mana. "Mudu" daga Larabci yake. "Kanti" da "tireda" kuwa Turawan kamfani ne suka bar mana su. Wannan ya nuna cewa Bahaushe bai taɓa ƙyamar sabon salon ciniki ba, tun daga kasuwar Kurmi ta zamanin Sarki Muhammadu Rumfa har zuwa kantunan Kingsway da Leventis da iyayenmu suka shiga kafin a soma shirin tsuke bakin aljihu na 1986. Sai dai akwai kalmomin da ya riƙe gam. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce "albarka", wato ya ƙi tayin amma da addu'a ya ƙi shi. In an daidaita ya ce "na sallama". In an gama awo a nemi "gyara". Kowace ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi tana buƙatar mutum biyu da suke kallon juna, kowannensu yana da ta cewa. A kantin zamani farashi a manne yake a jikin kaya, kana iya cika kwando ka biya ka fita ba ka ce wa kowa uffan ba. Ga ma'aikaci mai sauri wannan hutu ne. Ga magidancin da kuɗinsa bai kai ba, wannan ƙofa ce a rufe, domin babu wanda zai kai wa kukansa.

Mai karatu ya dubi unguwannin da ke kewaye da titin nan, irin su Gandun Albasa da Hausawa da Gyaɗi-Gyaɗi. Jama'a ce maƙil, gida na jingine da gida, kuma akasarin magidanta kullum suke samu kullum suke kashewa: direban adaidaita-sahu, tela, bakanike, ɗan dako. Wanda samunsa na yini ne, cefanensa ma na yini ne. Ko da ya sami kuɗin sayen nama da tumatir na mako guda, ina wutar da za ta riƙe masa firji? Uwargida kuma sau da yawa yaro take aika, yaron da zai iya zuwa bakin lungu amma ba zai tsallaka babban titi ba. Mai shago ya san duk wannan. Shi ya sa yake farke buhu ya ƙulla sukari da madarar gari da man gyaɗa a leda, gwargwadon ƙarfin kowa. Ya san wanda albashinsa ke makara da wanda matarsa ta haihu. A farkon shekarar 2023, lokacin da canjin kuɗi ya jefa mutane cikin ƙarancin takardun naira, na ga gidaje a layinmu da littafin bashin mai shago ne ya hana tukunyarsu sauka. Babban kanti kaya yake sayarwa. Mai shago yana haɗawa da jinkiri da rufin asiri, kuma waɗannan biyun su ne abin da unguwa ta fi bukata.

Mu kanmu 'yan boko masu albashi, waɗanda aka gina kantunan domin mu, sai mu faɗa wa kanmu gaskiya. In wata ya yi, a kasuwar Singa muke sayen katan na taliya da sabulu, hatsi a Dawanau ko a kasuwar Rimi, kayan miya a 'Yankaba, 'ya'yan itatuwa a 'Yan Lemo. Me muka bar wa babban kanti? Burodi, da ɗan abin ƙwalama, da yawon buɗe ido da yara ranar Sallah. Duk wanda ya ga cunkoson da ake yi a rukunin kantunan nan a lokutan bukukuwa zai zaci ciniki ake yi, alhali da yawa hoto suka je ɗauka da shan sanyi. Taron jama'a daban, masu saye daban.

Wannan ba ya nufin kantin zamani ba shi da makoma a Arewa. Kantunan 'yan gida irin su Sahad da Jifatu sun daɗe suna cin kasuwarsu, kuma ina ganin sirrin shi ne sun san wanda suke sayar wa. A ƙarƙashin rufi guda za ka sami shinkafa da atamfa da turare da kayan ɗaki, wato mai haɗa lefe da mai cefane duk sun sami biyan bukata. Ban da su, ga ƙananan kantuna na ta tsirowa a cikin unguwanni, shago biyu ko uku a fasa a haɗe, a sa kanta da fitila da na'urar cirar kuɗi. A nan ne ainihin gasar take a yau. Waɗannan su ne suke janye wa mai shago masu biya nan take, su bar shi da masu cin bashi. In abin ya ci gaba a haka, jarinsa zai narke a cikin littafi, ranar da ya rufe kuwa talakan unguwa ne zai fara ji.

Amma kada ƙaunar tsohon abu ta rufe mana ido. Talaka yana biyan wannan rufin asiri da tsada. Wanda ke sayen sukari ƙulli-ƙulli, in ka tara abin da ya biya a wata, ya fi ni da na sayi rabin buhu biya a kan kowane kwano. Ga kuma matsalar awo. Kwanon wannan ba shi ne kwanon wancan ba, wani an bubbuge gindinsa, wani an rage bakinsa, alhali muna karanta Suratul Muɗaffifina, wadda sunanta ma na masu tauye mudu ne. Na taɓa sayen madarar gwangwani a wani shago, sai a gida na ga an kankare ranar lalacewarta. Kayan da aka farke aka ƙulla a leda babu mai sanin daga ina suke, balle yaushe aka yi su. A watan Fabrairun 2024, lokacin da tsadar abinci ta kai intaha, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da rashawa ta Jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye kaya. Su ma manyan kantunan ba tsarkaka ba ne: a cikin watan nan ne hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye ta rufe wani babban kanti a Abuja na ɗan lokaci, bisa zargin cewa farashin da ke kan kanta daban, wanda ake karɓa a wurin biya daban. A tsakiyar shekarar 2024 alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A irin wannan hali, tauye rabin gwangwani a kwano cire loma ce daga bakin yaro.

Saboda haka shawarata ita ce kowane ɓangare ya koyi abin da ɗan'uwansa ya fi shi. Masu shaguna da shugabannin kasuwanni su ari gaskiyar awo da bayyana farashi daga kantin zamani. Ba abu ne mai wuya ba gwamnatin jiha, tare da masarauta da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, ta fitar da kwanon awo guda mai hatimi, a tilasta amfani da shi, a kuma riƙa zagayawa ana dubawa. Masu shagunan unguwa guda su haɗa kuɗi su riƙa saro kaya tare daga Singa, domin wanda ya sayi mota guda ba farashinsu ɗaya da wanda ya sayi katan biyar ba, kuma rangwamen zai sauko har kan mai sayen ƙulli. Masu manyan kantuna kuma su sauko da ma'auninsu, su tanadi ƙananan ƙunshi masu tsabta da kwanan wata, su sayi kayan lambu daga manoman Kadawa da Kura da ke bayan gari.

Mu kuma masu albashi akwai namu. In muka kwashi tsabar kuɗinmu muka kai babban kanti a farkon wata, sannan muka dawo wurin mai shago da "rubuta mini" a ƙarshensa, mun zalunce shi. Ni kaina na yi haka shekaru, sai da dattijon nan ya ce mini wata rana, cikin raha, "Malam, ledar kanti nake gani a hannunka in wata ya yi sabo, fuskarka kuma sai in ya tsufa." Tun daga ranar na raba cefanena, na kuma daina kai bashinsa wata na biyu. Wanda ya rufa maka asiri ranar babu, shi ya fi cancanta da cinikinka ranar akwai. Allah Ya sa mu gane, Ya kuma sanya albarka a kasuwanninmu.