Kwance, Gwanjo Da 'Yar Kwatano: Sunayen Da Ke Tona Mana Asiri

Hausawa na cewa suna linzami ne. Galibi akan kawo wannan magana idan ana batun sunan da uba ya raɗa wa ɗansa, amma a wurina hukuncinta ya hau har kan sunayen da al'umma ke ba hajar da take saye da sayarwa. Duk sunan da mutane suka laƙaba wa wani kaya, in aka bi shi a hankali, za a tarar yana ɗauke da labarin inda kayan ya fito, da irin kallon da ake yi wa mai amfani da shi, wani lokaci ma har da abin da jama'a ke jin nauyin faɗa a fili. Babu inda wannan ya fi fitowa sarari kamar a sunayen kayan da wani ya riga ya mora, waɗanda a yau suka zama sutura da abin hawan ɗimbin jama'armu.

Duk wanda ya ratsa Babbar Kasuwar Sakkwato a farkon hunturu ya san abin da nake nufi. Da zarar iska ta fara kaɗawa, sai a ga 'yan gwanjo sun fasa diloli, an zube rigunan sanyi da barguna da safa da kayan yara, magidanta da mata sun sunkuya suna tona. Cikinsu akwai lebura, akwai malamin makaranta, akwai ma'aikacin gwamnati da ke waiwaye kada wani ya gan shi. Wannan waiwayen ne ya dame ni, domin ina ganin mun ɗora kunya a inda ba muhallinta ba, kuma kalmomin da ke bakinmu sun isa su nuna mana inda ya kamata ta koma.

Bari mu fara da na gida. Tun kafin dila ta farko ta sauka a ƙasar nan, Bahaushe yana da kalmar kwance. Kwance shi ne tufar da mai ita ya sa, sannan ya tuɓe ya ba wani. Wa kan ba ƙane kwance, maigida kan ba yaronsa, uwar ɗaki kan ba 'yar ɗakinta, kuma wanda sarki ya tuɓe wa riga a bainar jama'a, ai ɗaukaka ya samu. Idan kuma sayarwa ta kama, akwai dillaliya, wadda ke ɗaukar zane ko kwano ko gadon matar da ke kulle, ta shiga da shi gida-gida har ta samo mai saye, ta karɓi la'adarta, ba tare da ta bayyana mai kayan ba. A wannan tsari kaya na zagayawa ne a cikin gari, kuɗin ma a cikin gari suke tsayawa, mai bayarwa da mai karɓa duk asirinsu a rufe.

Ita kuwa kalmar gwanjo, tsohuwar ma'anarta, wadda har yau ba ta mutu ba, ita ce sayar da kaya a bainar jama'a ga wanda ya fi tayawa. Shi ya sa muke ji a rediyo cewa hukumar kwastan za ta yi gwanjon motocin da ta kama. Yarbawa ma suna da gbanjo da wannan ma'ana. Da tsofaffin tufafin Turai suka cika kasuwanni, ana zube su a ƙasa ana shelar farashi, sai kalmar ta tashi daga yadda ake sayarwa ta koma kan abin da ake sayarwa. Mai karatu ya lura da bambancin: kwance yana da mai shi, an san wuyan da rigar ta fito, gwanjo kuwa ba a san na wane ne ba, dila kawai aka sani, wadda ɗan kasuwa ke saye a ɗaure, bai san abin da ke ciki ba sai ya yanke igiya.

Da muka zo kan mota da waya sai harshenmu ya ƙara fito da maganar fili. Muna cewa mota 'yar Kwatano, saboda ta tashar jiragen ruwan Kwatano ta Jamhuriyar Benin ta shigo. Muna cewa kayan gyara 'yan Beljiyam, saboda daga tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam ake loda da yawa daga cikin tsofaffin motocin Turai zuwa Afirka ta Yamma. Waya kuma a ce 'yar Landan ce, don a bambanta ta da ta hannu, wato wadda ɗan ƙasa ya riƙe. Abin mamaki, 'yar Landan ta fi ta hannu daraja da tsada, ko da shekarunsu ɗaya. Tsohon kayan Bature ya fi tsohon kayan ɗan'uwa kima a idonmu.

'Yan'uwanmu na kudu ma haka suka yi. Okrika, sunan da aka fi sanin gwanjo da shi a can, sunan wani gari ne na bakin ruwa a Jihar Ribas ta yau, wanda aka danganta shigowar kayan da shi. Tokunbo kuwa a Yarbanci na nufin abin da ya zo daga ƙetaren teku, kuma asalinsa suna ne da ake raɗa wa yaron da aka haifa a ƙasar waje. Yau an fi jin sa a kan mota. Idan muka leƙa maƙwabta, a Gana ana cewa obroni wawu, wato Bature ya mutu, domin mutane sun kasa yarda cewa mai rai zai rabu da tufa mai kyau haka. A Gabashin Afirka masu Suwahili na cewa mitumba, ma'ana diloli, a Zambiya kuma salaula, wato tona tsibi ka zaɓa.

To, su masu kayan fa, me suke kiran wannan ciniki a ƙasashensu? Ga shi dai Ingilishi ɗaya suke yi, amma kowace ƙasa da nata suna. A Ingila shagon da ake sayar da irin waɗannan kaya sunansa "charity shop", wato shagon sadaka, domin ƙungiyoyin agaji ne ke da shi, kamar Oxfam da ta buɗe shagonta na farko a birnin Oxford a ƙarshen shekarun 1940. A Amurka suna cewa "thrift store", shagon tattali, kuma cikin manyan masu wannan harka akwai Goodwill da aka kafa a Boston a 1902. A Ostireliya da Niyu Zilan sunansa "op shop", gajarcen shagon samun dama. Idan kuma mutum da kansa zai sayar da tarkacen gidansa, Ba'amurke kan baza su a ƙofar gida ya kira abin "garage sale" ko "yard sale", Baturen Ingila kuwa ya loda su a bayan mota ya tafi fili, ya kira shi "car boot sale".

A nan ne darasin yake. Sunayen Turawa uku na farko, sadaka da tattali da dama, duk yabo ne: ko dai suna yabon wanda ya bayar, ko suna yabon hankalin wanda ya saya. Namu kuwa, Kwatano da Beljiyam da Landan da Okrika da Tokunbo, duk sunayen hanya ne, suna faɗin ta inda kaya ya biyo kafin ya iso mu. Su sun sa wa cinikin sunan halin kirki, mu mun sa masa sunan tashar jirgin ruwa. Wanda ke ƙera abinsa, in ya sayi tsoho, zaɓi ya yi. Wanda ba ya ƙerawa, dole ce ta sa shi, kuma harshensa ba ya iya ɓoye masa wannan.

Akwai kuma abin da sunan sadaka ya lulluɓe. Shagunan agajin nan wani kaso kawai suke iya sayarwa daga abin da ake kawo musu. Ragowar sai a sayar wa kamfanoni a kan awo, su tantance, su matse cikin diloli, su loda a jirgi. Rigar da aka bayar kyauta a Manchester, kafin ta iso Sakkwato ta zama haja, ta ciyar da mai kamfani da mai jirgi da ɗan fito da dillali, talakanmu ne ke biyan kowa. Kuma ba duk abin da ke cikin dila ne ke sawuwa ba. A kasuwar Kantamanto ta birnin Accra, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na tufafin da ke shigowa a bola suke ƙarewa. Ashe har da sharar wasu muke saye da kuɗinmu.

Abin takaicin shi ne, a takarda, wannan ciniki haramtacce ne. Shekaru aru-aru ke nan tsofaffin tufafi na cikin jerin kayan da dokar kwastan ta Nijeriya ta hana shigowa da su. Amma an daɗe ana sauke diloli a Kwatano da Lome da sunan za su Nijar, daga nan su tsallako ta iyakoki irin na Birnin Ƙonni da Illela. An rufe iyakokin tudu a watan Agustan 2019, aka buɗe ta Illela da wasu uku a Disamban 2020. Aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024. A duk tsawon wannan lokaci gwanjo bai ɓace daga kasuwa ba, tsada kawai ya ƙara. Dokar da ba ta hana kaya shigowa, sai dai ta hana baitulmali samun haraji, ta kuma buɗe ƙofar cin hanci a kan hanya, wa take yi wa aiki?

An ce an yi dokar ne don kare masaƙunmu. Ina masaƙun? Kamfanin Kaduna Textiles da aka kafa a 1957 ya daɗe da yin shiru, UNTL ta rufe ƙofa a 2007, dubban ma'aikata suka koma gida, manoman auduga na Gusau da Funtuwa suka rasa babban mai saye. Zalunci ne a ɗora wa ɗan gwanjo wannan laifi shi kaɗai. Rashin wutar lantarki, da tsadar man injin, da faɗuwar Naira tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, da kwararowar sababbin yadudduka masu araha daga Sin, duk suna da hannu. Wannan kuwa ƙasa ce da Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya tarar tufafin da aka saƙa aka rina a cikinta ana kai su har Tambutu da Tarabulus. Jikokin masu suturta Sahara ne yau suke sunkuye a kan dila.

Mu 'yan boko ya kamata mu fi kowa sunkuyar da kai, domin laifi tudu ne. Muna hawa 'yar Kwatano, muna riƙe da 'yar Landan, shaddar da ke jikinmu daga Ostiriya ko Sin ta fito, sannan mu kalli mai rigar gwanjo a wulaƙance. Bambancinmu da shi nauyin aljihu ne kawai. Magidancin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, yana da 'ya'ya biyar, ga hunturu ya kawo jiki, in ya sai musu rigunan sanyi a gwanjo, haƙƙin iyalinsa ya sauke. Yanzu kuma 'ya'yanmu sun samo dabara: suna tallar kayan nan a Instagram da WhatsApp da sunan "thrift", don kalmar gwanjo ta yi musu nauyi. Dilar dai ita ce, sai dai an aro mata suna daga Amurka, alhali kayan aro ba ya rufe katara.

Shawarata ga gwamnatin tarayya ita ce ta daina yaudarar kanta. Ruwanda ta zaɓi hanya ɗaya: bayan shawarar ƙasashen Gabashin Afirka ta 2016, ta tsawwala haraji a kan gwanjo, ta kuma jure lokacin da Amurka ta dakatar da rangwamen da take yi wa tufafinta ƙarƙashin AGOA a 2018. Mu da ba mu da abin da za mu maye gurbi da shi a yanzu, abin da ya fi dacewa shi ne a halatta shigowar kayan ta tashoshinmu, a sa musu haraji sananne, a gindaya sharuɗɗan tsabta da inganci don a tare tsummokara tun daga bakin ruwa, a kuma keɓe kuɗin da aka tara don irin auduga da wutar masana'antu. Ranar da masaƙa ta tashi, sai a fara ɗaga harajin sannu a hankali. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu kuma a nan gida akwai abin da ba sai mun jira Abuja ba. Akwatunanmu cike suke da tufafin da muka shekara ba mu sa ba, ga 'yan gudun hijira daga Sabon Birni da Isa da Rabah, ga almajirai na kwana a sanyi. Me zai hana masallatan Juma'a da ƙungiyoyin unguwanni su raya al'adar kwance a tsare, a tara, a wanke, a raba kafin hunturu ya shigo? Abin da Bature ya gina wa shago ya kira sadaka, mu mun gaje shi tun kaka da kakanni. 'Yan jarida da malamai kuma mu riƙa kiran kowane abu da sunansa: kwance kwance ne, gwanjo gwanjo ne, kada mu bari a yi musu kwalliya da baƙin suna har mu manta da tambayar da ke ƙarƙashinsu, wato yaushe za mu koma saƙa abin da muke sawa.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace.