Masu cewa mastas a zane ɓata lokaci ne, ku matso

1/ Da zarar ɗalibi ya ce zai yi mastas a fannin zane-zane don ya koyar a jami'a, sai a bushe da dariya: "Wai zanen ma sai da digiri na biyu?" To ku ɗan saurara.

2/ A Zariya fa, a 1958, su Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya, Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu suna ɗalibai. Suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon Turawa ba, sai sun haɗa da fasahar gida.

3/ Daga baya Okeke ya shugabanci sashen zane a jami'ar Nsukka, ya shigar da uli, zanen gargajiyar Ibo, cikin aji. Yau duniya ta san uli.

4/ Mu kuma fa? Adon bangon gidajen Zazzau, rinin Ƙofar Mata, aska takwas, dagi, zayyana. Masu yi na tsufa, mu muna ɗaukar hoto muna cewa "al'adarmu".

5/ Eh, hanyar doguwa ce. Bayan mastas sai digirin dokta, in ba haka ba ƙarin girma sai dai ka gani a wajen wasu. Ga albashi, ga yajin aiki: na 2022 wata 8 ya ci.

6/ Amma malamin jami'a shi ke tsara manhaja, shi ke duba binciken ɗalibai. In ba mu zauna a kujerar nan ba, wa zai sa dagi a jarrabawa?

7/ Ƙaninka ya iya zane? Daina ce masa ya nemi "karatun kirki". Saya masa fom.