A Tanadi Dokar Sirrin Ƙuri'a Kafin a Sake Buɗe Rumfunan Zaɓe a Rusairis

Zuwa ga Edita,

Rabon da a kaɗa ƙuri'a a babban zaɓe a Sudan tun watan Afrilun 2015, kuma yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya sa zancen zaɓe ya koma gefe, amma dokar da za ta tsare sirrin ƙuri'a, wato haƙƙin mutum ya zaɓi wanda yake so ba tare da wani ya san inda ya sa alamarsa ba, aba ce da ake shiryawa tun kafin a buga gangar siyasa. Kundin tsarin mulkin riƙon ƙwarya na 2005 ya tabbatar da wannan haƙƙi, sannan Dokar Zaɓe ta 2008 ta lissafa ba da cin hanci, da tursasa mai zaɓe, da yin sojan gona, da tona sirrin ƙuri'a a cikin laifuffukan da ke da hukunci. A takarda dai babu abin zargi a wancan lokaci.

Zaɓen 11 zuwa 15 ga Afrilun 2010, wanda Malik Agar na jam'iyyar SPLM ya lashe kujerar gwamnan Jihar Blue Nile a cikinsa, shi ya nuna inda gizo ke saƙar. An miƙa wa kowane mai zaɓe a arewacin ƙasar takardun ƙuri'a 8, alhali an yi shekara 24 ba a gudanar da zaɓen jam'iyyu da yawa ba, don haka tsohuwar da ba ta karatu, ko manomin da bai taɓa riƙe irin wannan takarda ba, dole ya nemi mai taimako, kuma mai taimakon nan shi ne ƙofar da sirri ke fita ta cikinta. Ga kuma arifi, wato mutumin unguwa da ake zaunarwa a rumfa domin ya shaida wanda ba shi da katin shaida; aikinsa halal ne, sai dai wanda ya san maƙwabcinsa na zaune yana kallon shigarsa da fitarsa da wuya ya ji shi kaɗai ne a bayan labule. Masu sa ido na Cibiyar Carter da na Tarayyar Turai sun ce zaɓen bai cika ƙa'idojin duniya ba.

Al'amarin ya fi nauyi a kan Hausawan Rusairis da ƙauyukan bakin kogi har zuwa Mai Wurno, waɗanda ake yawan jefa wa tambaya a kan asalinsu duk da cewa kakanninsu sun zauna a nan fiye da shekara 100. Bayan rikicin Yulin 2022 a Rusairis da na Wad al-Mahi a watan Oktoban shekarar, inda aka rasa ɗaruruwan rayuka, babu mai hankalin da zai ɗauki tonuwar ƙuri'a da wasa. Idan aka ƙirga akwatin ƙauye ɗaya aka liƙa sakamakonsa a bango, an rufa asirin mutum guda amma an tona na gari sukutum, wanda ya ci zaɓe kuma ya san inda zai hana rijiya ko ya tada rigimar gona. A Birtaniya ana gauraya ƙuri'un akwatuna daban-daban kafin a ƙirga, ko da yake ɗaukar akwati zuwa nesa a ƙasa irin wannan wata kafa ce ta maguɗi.

Saboda haka ana kira ga masu tsara sabuwar doka da su ba mai neman taimako ikon zaɓen mai taimakonsa da kansa, su hana mutum ɗaya taimaka wa jama'a da yawa, su fitar da arifi waje da zarar ya gama shaida, su hana shiga bayan labule da waya kamar yadda hukumar zaɓe ta INEC ta yi a Nijeriya tun 2018, sannan a haɗa akwatunan cibiya ɗaya a ƙirga su tare a gaban wakilan jam'iyyu.

Wassalam.

Daga wani mai karatu,
Rusairis, Jihar Blue Nile