Takardar Tambayoyi Ba Ta Isa Bincike Ba

Abin takaici ne a ga ɗalibin nazarin zamantakewa, ɗan Malikanchi ko Hunkuyi, ya kammala kundin digirinsa na farko bai taka gonar kowa ba. Sai ya raba wa manoman rake takardar tambayoyi da Ingilishi, rabinta ma shi zai cike a ɗakinsa. Alhali kuwa daga 1949 zuwa 1950 Mary Smith zama ta yi a Giwa tana sauraron Baba mutuniyar Karo da Hausa, har aka sami littafin da ya fito a 1954. Yadda gandu ke watsewa bayan rasuwar uba, ko yadda dillalan kasuwar Maƙarfi ke yanke kuɗin rake, ba abin da "e" ko "a'a" za ta amsa ba ne. Malamin da ya sa hannu a kan irin wannan kundi ya fi ɗalibin laifi.